Mutanen Gefen Hoto

In kana neman mai hoton da ke bayan tashar mota, kada ka wahalar da kanka da sunansa na gaskiya, don ko matarsa sai ta ɗan yi tunani kafin ta tuno shi. Ka ce Matso-Ciki kawai, za a nuna maka wata ƙofa mai shuɗin fenti tsakanin mai gyaran agogo da mai sayar da katifa. Bakinsa ne ya jawo masa sunan. Shekara talatin da huɗu ya yi yana ɗaukar hoton taro, na 'yan makaranta, na ma'aikata, na ƙungiyar direbobi, kuma duk inda ya kafa ƙafafun kyamararsa abin da za ka fara ji ke nan: "Kai na gefe, matso ciki! Matso ciki mana, ko kunnen ƙashi gare ka?"

Gajere ne kakkaura, zuciyarsa a kusa take. A wurin kawunsa ya koyi sana'ar, tun zamanin da ake wanke hoto a ɗaki mai duhu, kuma kawun nan ba da baki yake koyarwa ba, da bayan hannu yake koyarwa. Abu biyu ya gada a wurinsa, faɗa da tsabtar aiki. In hoto bai yi masa ba, a gaban mai shi yake yaga shi, ko da mai shi yana rantsuwa ya yi masa kyau. Abin tinƙahonsa a duniya guda ne, yakan buga ƙirji ya ce, "Ni hotona ba ya cin amanar fuska." Matarsa tela ce, shi ma Tela yake kiranta. Kekenta yana bayan labulen nan da aka zana wa lambu da tafki, wanda ake tsayawa a gabansa a ɗauki hoto. Daga can take jin duk abin da ake yi a shago, daga can kuma take jefo magana in ta ga dama. Ita kaɗai ce take gaya masa gaskiya ta kwana lafiya.

Babban aikinsa na shekara shi ne hoton ma'aikatan kamfanin sabulu. Mutum casa'in da 'yan kai ne, kuma ba su da wurin tsayuwa sai wani fili tsukakke, bangon sito a bayansu, tankin ruwa a bayan mai hoto. Daga layin gaba zuwa tankin taku goma sha ɗaya ne, ya auna ya sake aunawa. Ba inda zai ƙara ja da baya, saboda haka dole sai da gilashi mai faɗin gani, irin wanda zai kwashe mutum casa'in daga kusa. Masu shago lensi suke ce wa gilashin nan da ake ɗaura wa kyamara a gaba, shi kuwa ido yake ce masa.

Shekara goma sha ɗaya da suka wuce, da ya fara samun aikin kamfanin, ya sayi idon a wurin Sabo-Fil, mai shagon kayan hoto a saman benen kasuwa, mutumin da ko tsumma ya ɗauko maka sai ya ce sabo fil ne. Ranar ya gwada shi yadda kowa yake gwadawa. Ya ɗaura, ya saita fuskar mai shagon a tsakiya, ya danna. Hoto ya fito tar, har ana ƙirga gashin bakin Sabo-Fil. Suka yi dariya, suka tafa, ya jefa abinsa a jaka. Bai kalli gefen hoton ba, don ba komai a can sai kanta da kwalaye.

A kamfanin sabulu kuwa ba a taɓa gaya wa kowa inda zai tsaya ba, kowa ya san matsayinsa. Manaja da mataimakansa a kan kujeru a tsakiya, 'yan ofis a bayansu, masu inji da direbobi dama da hagu, sai can ƙarshen layi masu gadi da masu shara. Babban hoton a ofishin manaja ake rataye shi, can sama inda ba mai duba shi. Ma'aikata kuma a raba musu ƙanana kamar tafin hannu, waɗanda kowane kai a ciki bai wuce ƙwayar wake ba. Ba wanda ya taɓa kawo ƙara.

Wata Talata da la'asar, yana goge kyamara, wata dattijuwa ta yi sallama ta shigo. Siririya ce, hannayenta sun sha aiki. Ta zauna a bakin benci, ta kwance wani ƙyalle, ta fito da ɗaya daga cikin ƙananan hotunan nan.

"Sannu da aiki, Malam mai hoto. Maigidana ne ya rasu, yau wata guda ke nan. Shi ne mai sharar kamfanin sabulu. Ga shi nan a ƙarshe, kusa da famfo."

"Allah ya jiƙansa, Inna. Allah ya ba ku haƙuri."

"Amin. 'Yarmu tana nesa, yaranta ba su san shi ba. So nake ka ciro min fuskarsa ka ƙara mata girma, in aika musu."

Ya tambaye ta ko akwai wani hoton. Ta ce babu. Mutum ne da ba ya son hoto, in ba na wurin aiki ba da ake kiran kowa. Katin aikinsa kuma ya sha wanki a aljihun riga har fuskar ta goge.

"Wannan ai abu ne mai sauƙi," in ji Matso-Ciki. "Tela, ba Inna ruwa. Kafin ta shanye na gama."

Ya kunna kwamfuta, ya buɗe hoton bara, ya zuƙo ƙarshen hagu. Maimakon fuska ta matso, sai ta narke. Ga hula, ga riga, amma tsakaninsu kamar an shafa yatsa a kan ɗanyen fenti. Ba ido, ba hanci, sai wani dishi-dishi mai launin mutum. Ya ce wataƙila marigayin ya motsa ne. Ya buɗe na bara waccan. Haka. Ya buɗe na gabansa. Haka. Ya bi su ɗaya bayan ɗaya har goma sha ɗaya. A kowane hoto mutumin yana nan kusa da famfo, ya ƙame kamar soja, kuma a kowane hoto babu shi. Famfon ma da ba ya motsi dishi-dishi ya fito. Da ya zame hannu zuwa tsakiya kuwa, sai ga manaja raɗau, har ana karanta lokaci a agogon hannunsa. Manaja uku aka yi a shekarun nan, duka ukun ana ganin agogonsu.

Dattijuwar ta taso ta kawo fuskarta kusa da allon, ta daɗe tana kallo.

"Wannan ba shi ba ne," ta ce. "Shi yana da tabo a girar dama, inda ƙarfe ya taɓa yankarsa."

Da ta zage shi da ya fi masa sauƙi. Da ta ɗaga murya, da ya ɗaga tasa, an yi an gama. Amma sai ta naɗe hotonta a ƙyalle, ta ce, "Ba komai, Malam. Dama mu na gefe haka muke fitowa. Ni da na ɗauka ma idona ne." Ta kai bakin ƙofa ta juyo. "Kamfani sun ba ni tsintsiyarsa, ni nake sharar yanzu. An ce saura mako biyar a ɗauki na bana. Ka yi ƙoƙari ni in fito, kada yaran nan su rasa mu duka biyu."

Ko inuwarta ba ta bar ƙofar ba ya fara. Ya zagi Sabo-Fil, ya zagi benensa, ya zagi waɗanda suka ƙera idon da ƙasar da suke. Ya zagi kamfanin sabulu da ya rasa fili sai lungu. Ya yi jifa da tsumman goge kyamara, ya shuri benci, yatsansa ya gaya masa bencin katako ne. Mai katifa ya leƙo, ya ga yanayin, ya koma.

Keken ɗinki ya tsaya a bayan labule.

"Laifi tudu ne, Maigida," in ji Tela. "Shi ya sayar, na ji. To wa ya saya? Wa ya yi shekara goma sha ɗaya yana dannawa bai taɓa duba ƙarshen layi ba?"

"Ke ba ruwanki!"

"Da ruwana mana, ni na ba ta ruwa. Kai da kake cewa hotonka ba ya cin amanar fuska, ashe fuskar masu kujera kake nufi."

Haushin da yake ta raba wa jama'a nasa ne, shi ya san haka. Mutum ya tsaya a gabansa sau goma sha ɗaya, ya gyara hula, ya ƙame, ya amince masa, shi kuma abin da ya taɓa haɗa shi da bawan Allahn nan bai wuce tsawa ba: matso ciki. Ya rasu bai bar fuska ba, kuma ba wanda ya goge ta sai mai hoton da ke yaga aiki don ƙura ta hau takalmi. Kunya ta ishe shi, shi kuwa in ya ji kunya faɗa take zame masa.

Washegari ya tafi kamfanin da tef ɗin awon Tela. Ya auna daga inda kujerar manaja take zama zuwa famfo, taku takwas. Ya rubuta a bayan kwalin ashana. Kwana uku ya yi yana gwada tsohon idonsa a bangon layinsu, ya buɗe shi, ya tsuke shi, ko za a dace. Tsakiya tar, dama da dama-dama, hagu kuwa ko me ya yi sai hazo. Ya kwance shi ya dangwarar a kan teburin Tela, ya ce ta yi abin da ta ga dama da shi. Har yau da shi take danne yadi in za ta yanka.

Ranar Asabar da safe ya haɗa kaya: kyamara, ƙafafunta uku, ƙaramar kwamfuta, salatif, da shafin jarida uku masu ƙananan rubutu. Tela tana kallonsa yana miƙa jaridar can nesa da fuskarsa yana ƙanƙance ido.

"Ido nawa za ka gwada yau?"

"Duk wanda Sabo-Fil yake da shi."

"To in ka gama ka gwada biyun da ke kanka."

"Idona garau yake!" ya ce, ya fice ya bugo ƙofa.

Sabo-Fil ya tarbe shi da fara'ar 'yan kasuwa. "A'a, Yallabai da kansa! Yau wace rana? Akwai wani da ya iso jiya, sabo fil..."

"Riƙe sabo fil ɗinka. Fito min da duk mai faɗin gani da kake da shi, ka biyo ni ƙasa."

"Ƙasa kuma? Ai a nan ake gwadawa. Ga fuskata, ɗauka ka gani."

"Fuskarka ce ta cuce ni! Shekara goma sha ɗaya ina yawo da makahon ido saboda gashin bakinka ya fito. Yau ba fuskarka zan ɗauka ba, bango zan ɗauka."

Suka yi ta cacar baki har maƙwabta suka fara leƙowa. Sabo-Fil ya ce kayansa ba sa sauka daga bene. Matso-Ciki ya ce to zai zauna a matakala ya gaya wa duk mai hawa labarin mai shara, daga farko har ƙarshe, kullum har shekara ta zagayo. Da mai shagon ya dubi idonsa ya ga zai aikata, sai ya kulle shago, ya rungumo ido biyu a kwalayensu. Har sun juya, Matso-Ciki ya hango wani a ƙasan kanta, ba kwali, ba murfi, bakinsa a lotse.

"Wancan fa?"

"Wannan tsohon ƙarfe? Na wani mai hoto ne da ya bar sana'a. Da hannu ake saita shi, ba ya saita kansa. Ba ajinka ba ne, Yallabai."

"Ɗauko shi."

A bayan kasuwa akwai dogon bango inda ake ajiye motoci. Nan ya manna jarida ɗaya a tsakiya daidai tsayin fuska, ya ƙirga taku takwas hagu ya manna ta biyu, taku takwas dama ya manna ta uku. Ya dawo tsakiya ya ƙirga goma sha ɗaya da baya, ya kafa kyamara. Faɗan da ba ruwanka daɗin kallo gare shi, kafin ya gama ɗaure ƙafafun, masu dako da masu wankin mota sun yi musu zobe.

Aka fara da sabon, mai zoben zinariya a wuya. Ya ɗauka sau uku, a buɗe, a rabi, a tsuke, ya zuba a kwamfuta. Jaridar tsakiya ta fito har ɗigon wasali.

"Ka gani ko!" in ji Sabo-Fil. "Wannan ko sauro ya gifta sai ka san mace ce ko namiji."

Matso-Ciki bai kula shi ba, ya ja hoton zuwa hagu. Babban kanun labari ya karantu, ƙananan rubutun kuwa sun zama tururuwa da aka taka.

"Karanta min nan."

"Haba Yallabai, wa yake kallon nan? Kowa tsakiya yake kallo."

"Kowa?" Muryarsa ta tashi har tattabarun kan rufi suka watse. "Kowa? Matar mai shara ba kowa ba ce? Mai gadi ba shi da 'ya'ya? Ka ga waɗannan da suka zagaye mu, tambaye su a ina ake tsayar da su in za a ɗauki hoto! Kai da masu ƙera abin nan duk jirgi ɗaya ya kwaso ku, kun zauna kun yanke cewa mutum yana ƙarewa ne daga kujera ta biyar!"

Wani mai dako ya ce, "Gaya masa dai, Baba." Sabo-Fil ya share gumi, ya miƙo na biyu.

Na biyun mara nauyi ne kamar gwangwanin da ba komai a ciki. Shi adalci ya yi, hagu da dama duk ya ɓata su daidai wa daida, ga shi kuma ya lanƙwasa bangon kamar ya sha ruwa. Matso-Ciki ya kwance shi da yatsa biyu ya mayar.

Saura tsohon ƙarfe. Ya ɗaura, ya leƙa, ya murɗa zoben saiti da hannu har ya ga kamar ya yi, ya danna sau uku. Da hoton ya buɗe a kwamfuta sai Sabo-Fil ya ƙyalƙyale da dariya, har da riƙe ciki. Ba hagu ba, ba dama ba, tsakiyar ma hazo ce.

"Ga tsohonka nan! Ko dai idon da yake neman canji ba na kyamara ba ne, Yallabai?"

Jama'a suka yi dariya. Matso-Ciki ya ji kamar ya ɗaga ƙarfen ya rotsa a bango. Ya cusa hannu a jaka zai ɗauko murfi ya tattara ya tafi, sai hannunsa ya taɓa wani abu da ba shi ya saka ba. Tabaran Tela ne, wanda take zira zare a allura da shi, mai jan firam da 'yar fulawa a kusurwa. Ta saka masa a jaka ba ta ce komai ba.

Ya tsaya da shi a hannu. Ga mutum ya kai ashirin suna kallo, ga girman shekara talatin da huɗu, ga kuma mako huɗu da suka rage a ɗauki hoton kamfani. Ya ce a ransa in girma ne ai ya riga ya zube ranar Talata. Ya maƙala tabaran mata a hancinsa. Dariyar da aka yi ta fi ta farko, har mai wankin mota ya saki bokiti. Bai ɗago ba. Ya zuƙo jaridar a ɗan allon bayan kyamara, ya murɗa zoben a hankali, sai ga haruffa suna tasowa suna tsayawa da ƙafafunsu. Ashe ya daɗe kyamara ce take gani a madadinsa. Ya tsuke idon zuwa rabi, ya danna.

Ya zuba a kwamfuta, bai ko kalli tsakiya ba, ya wuce hagu kai tsaye. Ya juya allon wajen Sabo-Fil.

"Karanta. Da ƙarfi."

Sabo-Fil ya sunkuya. "Ana neman direba... mai lasisi... wanda ba ya shan taba... a zo da hoto guda biyu."

"Layin ƙasa."

"Ban da Lahadi."

Masu dako suka ɗau tafi. Ya duba dama, ita ma haka. Ya sake gwajin sau biyu, don an taɓa cizonsa, ya musanya jaridun ya sake. Sannan suka yi cinikin da ya fi kama da faɗa, Sabo-Fil yana rantsuwa cewa in ka cire lotsewar bakin, abin nan sabo fil ne. Da ya koma gida ya ajiye tabaran a kan keke, ya ce, "Wani ya bar tarkacensa a jakata." Tela ta ce, "Allah sarki, ko ya yi amfani?" Ya ce ta cika surutu. Ranar Litinin ya je aka auna idonsa aka ba shi nasa tabarau, baƙi, na maza.

Ranar hoton ya isa kamfanin tun ƙarfe tara, ya kafa kyamara bayansa na gogar tanki. Ƙarfe goma aka fito. Aka jera kujeru, manaja ya zauna yana duba agogo, kowa ya nemi matsayinsa. Matso-Ciki ya sa tabarau, ya fara saiti, ya kai dubansa ƙarshen hagu, sai ya ji jininsa ya hau.

Dattijuwar tana can, ta sa wankakkun kaya, amma ba a kusa da famfo ta tsaya ba. Ta wuce famfon, ta tsaya a ɗaya gefensa, ta bar fili na mutum guda tsakaninta da mai gadin da ke ƙarshen layi. Taku takwas ya auna, taku takwas ya gwada, ita kuwa ga ta a na tara, rabin kafaɗarta ma ba ya cikin hoton.

"Inna, matso ciki!"

Ba ta motsa ba.

"Inna! Da ke nake! Matso ciki ki rufe wurin nan!"

"Nan ya yi min, Malam."

"Bai yi miki ba! Ni na san inda ya yi miki! Mako biyar ina wahala saboda ke, na zama abin dariya a kasuwa saboda ke, yanzu ki zo ki tsaya min a bayan duniya? Matso ciki mana!"

Mai gadi ya miƙa hannu zai jawo ta, ta janye hannunta a hankali. Manaja ya ce, "Malam, muna da aiki fa. In ba ta shiga ba ka ɗauka haka nan, ba wani abu ba ne."

Wannan maganar ita ta ƙarasa shi. Ya juyo ya dubi manaja ta saman tabarau. "Ranka ya daɗe, agogon manaja ya fito sau goma sha ɗaya. Yau zai jira."

Ya ciccibi kyamarar, ya durƙusa, ya cusa ƙafarta ɗaya a ƙarƙashin ƙarfen da ya ɗauki tankin, ya matse kansa a tsakanin bututu da bango, ruwa yana ɗiga masa a wuya. Rabin taku ya samu, ba ƙari. Ya leƙa, kafaɗarta ta shigo, da ɗan sarari kamar faɗin hannu a bayanta. Ya murɗa zoben, ya tsuke idon, yana ta ƙunƙuni, ya daka tsawa kada wanda ya yi ko tari. Ya danna sau biyar. Ya tattara kayansa ya fita bai yi wa kowa sallama ba.

Bayan kwana uku ta zo shago. Ya riga ya wanke mata babba, ba irin na tafin hannu ba, ya shimfiɗa a kan tebur. Ta fito. A can ƙarshen ƙarshe take, amma ta fito tangaran, har zanen ɗankwalinta da layukan gefen idonta. Shi dai haushinsa bai huce ba.

"Ga ki nan. Amma ki sani Allah ne ya taimake ki. Da kin ƙara ko taƙi ɗaya da sai dai a aika wa yaran kunnenki. Mutum a ce masa matso, ya kafe kamar turke! Me aka yi miki a cikin layin?"

Ba ta ji shi ba ma. Ta kalli fuskarta sau ɗaya, ta gyaɗa kai, sai yatsanta ya zame zuwa filin da ta bari. Ta daɗe a nan.

"Ga ƙusarsa," ta ce.

"Ƙusar wa?"

"Shi ya kafa ta, nan yake rataye hularsa in zai wanke fuska. Ka ga nan kuma, inda bangon ya yi duhu? Nan yake jingina kai in an tashi hutun rana. Shekara ashirin da biyu. An yi fenti sau biyu, yana sake fitowa."

Matso-Ciki ya gyara tabarau ya sunkuya. Ga ƙusa, 'yar ƙarama, a lanƙwashe, har da inuwarta. Ga wani tabo mai maiƙo a jikin bango, zagayayye, daidai girman ƙeyar mutum. Ya ɗauki wurin nan sau goma sha ɗaya, bai taɓa sanin akwai su ba. Kuma wurin nan ne ya tsaya a gaban mutum casa'in yana yi mata tsawa ta rufe. Ya buɗe baki, karon farko a rayuwarsa faɗa bai zo ba.

"Nan za ka yanko min," ta ce, ta zagaye da yatsa, ita da famfo da filin. "Ka ƙara masa girma, guda biyu. Ɗaya nawa, ɗaya na yaran."

"Inna," ya ce, "bango ne fa kawai."

"Na sani, Malam. Amma ai ya fito."